Yadda Ake Sharhin Littattafan Binciken Kisa, Finafinan Dodanni da Finafinan Fargaba

A Kano ba a rasa masu ra'ayi a kan fim ko littafi. A majalisun matasa na Fagge da Gwammaja da Hotoro, a shagunan tura finafinai, har ma a harabar Jami'ar Bayero, da zarar an ambaci wani fim za ka ji wani ya ce ya yi, wani ya ce shirme ne, daga nan kuma magana ta ƙare. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sharhi mai hujja, wanda mai shi zai yanke hukunci sannan ya nuna shafin littafi ko fitowar fim da ta sa ya yanke shi. Na yi wannan rubutu ne domin mai son yin irin wannan sharhi, a rubuce ko a shirin rediyo, a kan nau'o'i uku da suka daɗe da samun masoya a garin nan tun zamanin silimun Plaza da Orion da Marhaba, wato tsofaffin littattafan binciken kisa, da finafinan manyan dodanni, da finafinan fargaba. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai alkawarin da yake ɗaukar wa mai karatu ko mai kallo, aikin mai sharhi kuwa shi ne ya gano wannan alkawari, ya duba ko an cika shi.

Kafin ka rubuta ko da jimla ɗaya, sai ka karanta littafin ko ka kalli fim ɗin sau biyu. Karon farko ka bi shi kamar kowa, ka bar shi ya yaudare ka in zai iya, abin da kawai za ka yi shi ne ka riƙa lura da shafin da zarginka ya faɗa kan wani, da shafin da ya tashi daga kansa. A karo na biyu ne aiki yake. Ka samu takarda ka ninka ta gida biyu, a ɓangare ɗaya ka riƙa rubuta abin da marubucin ya nuna ƙarara tare da lambar shafi, a ɗaya ɓangaren kuma ka rubuta abin da kai ka zata lokacin da ka gan shi a karon farko. Tazarar da ke tsakanin ɓangarorin nan biyu ita ce inda gwanintar marubuci take, ko kuma inda magudinsa yake. In fim ne, mintin da abu ya faru za ka rubuta maimakon shafi. Ina kuma jan hankali a kan kwafin da za ka kalla. Bai kamata mutum ya karɓi irin kwafin nan da aka ɗauko da waya a cikin silima, hotonsa dishi-dishi, kawunan 'yan kallo suna gilmawa, sannan ya zo ya rubuta cewa hasken fim ɗin bai yi kyau ba.

Littafin binciken kisa ya fi sauran buƙatar natsuwa, saboda haka zan fi daɗewa a kansa. Masana sun fi danganta farkonsa da labarin Edgar Allan Poe, ɗan Amurka, mai suna The Murders in the Rue Morgue na shekarar 1841, inda aka yi kisa a wani ɗaki da aka samu a kulle ta ciki a birnin Faris. A 1887 Arthur Conan Doyle ya fito da mai binciken laifi Sherlock Holmes da abokinsa Dakta Watson, ya kuma ci gaba da su har littattafai 4 da gajerun labarai 56. A 1920 Agatha Christie ta fito da Hercule Poirot, tsohon ɗan sanda daga Beljiyam. Abin da ya haɗa waɗannan ayyuka shi ne alkawarin adalci. Tamkar kacici-kacici ne: mai tambaya ba shi da ikon ya ƙirƙiro amsa bayan an ba shi gari, dole amsar ta kasance tana cikin tambayar tun farko, ko da an lulluɓe ta.

Marubutan wancan zamani sun ɗauki maganar adalcin nan da muhimmanci har suka yi mata dokoki. S. S. Van Dine ya wallafa dokoki 20 a 1928, Ronald Knox kuma ya fitar da guda 10 a 1929. Ba sai ka haddace su ba, amma akwai waɗanda za su yi maka amfani kullum. Dole mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari. Ba a yarda a warware matsala da gubar da kimiyya ba ta sani ba, ko da tagwayen da ba a taɓa yi wa mai karatu shimfiɗarsu ba. Duk alamar da mai bincike ya tsinta wajibi ne a nuna wa mai karatu ita, kuma ba a yarda sa'a ko wani tunani da ya faɗo daga sama ya kai shi ga gaskiya ba. Sannan an hana shigo da abin da ya fi ƙarfin hankalin ɗan Adam. Wannan ta ƙarshen ta shafe mu ƙwarai, domin a labaranmu na Hausa an saba mafarki ko boka ko aljani ya tona asirin mugu a babin ƙarshe. Labarin aljanu nau'i ne mai zaman kansa, yana kuma da masoyansa da ma'auninsa. Amma idan marubuci ya kwashe shafi ɗari biyu yana tara shaidu da sawun ƙafa da tambayoyin 'yan sanda, sannan ya sa uwar mamacin ta ga mai kisan a mafarki, to ya saɓa alkawarin da ya ɗauka da kansa, kuma ya kamata sharhinka ya faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba.

Domin ka ga yadda alama mai kyau take, dubi littafin Holmes mai suna The Hound of the Baskervilles na 1902. Labarin ya fara ne da almarar wani shaiɗanin kare da ake cewa yana halaka mutanen wani gida. Magajin gidan, Sir Henry, ya sauka a wani otal a Landan, sai aka sace masa takalmi ƙafa ɗaya, sabo fil da bai taɓa sawa ba. Can sai sabon ya dawo, aka kuma ɗauke ƙafa ɗaya ta wani tsohon takalminsa. Mai karatun farko yakan ɗauki wannan a matsayin sakacin ma'aikatan otal, ya wuce. Amma me ɓarawo zai yi da tsohon takalmi ƙafa ɗaya, har ya fifita shi a kan sabo? Sabon ba ya ɗauke da warin jikin mai shi, tsohon kuwa yana ɗauke da shi, kuma kare mai jini da tsoka ne yake buƙatar shinshina wari kafin ya bi sawu, aljani ba ya buƙata. An ajiye alamar a fili tun surorin farko, babu ƙarya a cikinta, amma an ajiye ta ta yadda ido zai tsallake ta. Idan ka samu irin wannan a littafin da kake sharhi, ka kawo ta da shafinta, domin ta fi jimloli goma na yabo ƙarfi. Idan kuma ka koma baya ka nemi irinta ka rasa, wannan ma hujja ce.

Wani lokaci hukuncin adalci ba ya zuwa da sauƙi. Lokacin da The Murder of Roger Ackroyd ya fito a 1926, wasu masu karatu sun ce Christie ta yi musu magudi, wasu kuma, ciki har da marubuciya Dorothy L. Sayers, suka kare ta. Ba zan faɗi dalilin rigimar ba domin wanda bai karanta ba. Hanyar raba gardamar ita ce ka koma babin daren da aka yi kisan, ka bi shi jimla bayan jimla, kana tambayar kanka ko an faɗi abin da ba gaskiya ba ne, ko kuwa shiru kawai aka yi a wurin da kai ka cike da zatonka. A nawa ganin babu ƙarya ko ɗaya a wannan babi, don haka littafin ya tsallake. Yin shiru dabara ce da aka halasta wa marubucin wannan nau'i, ƙarya ce aka haramta masa.

Adalci kaɗai ba ya gamar da sharhi, kuma yana da kyau ka san abin da masu suka suka faɗa tun da daɗewa. A 1944 Raymond Chandler ya rubuta maƙala yana cewa littattafan kisa na gidajen attajiran Ingila sun yi nisa da rayuwa, ya fifita salon Dashiell Hammett da ya mayar da kisa hannun mutanen da suke aikata shi saboda wani dalili na gaske. A 1945 Edmund Wilson ya yi tambaya a mujallar The New Yorker cewa wa ma ya damu da wanda ya kashe Roger Ackroyd. Na yarda da rabin maganarsu. Gaskiya ne a yawancin waɗannan littattafai mamacin ba ya da mai yi masa kuka, taurarin kuma kamar an sassaƙa su ne domin su cike gurbin zargi. Don haka ka tambayi littafin da ke gabanka ko dalilin kisan ya isa ya sa mutum mai hankali ya kashe rai, ko mutuwar ta bar tabo a zuciyar wani. Sai dai kada ka tuhumi littafin da aka rubuta a shekarun 1930 da rashin wayar hannu ko gwajin ƙwayar halitta, domin kowane aiki da kayan zamaninsa ake auna shi. Abin da ba za ka rufe ido a kansa ba shi ne rainin da wasu daga cikinsu suke nuna wa baƙar fata da mutanen Asiya. Littafin Christie mai suna And Then There Were None na 1939 ya fara fitowa ne a Ingila da wani suna mai ɗauke da kalmar cin mutuncin baƙar fata, daga baya aka sauya shi. Ka ambaci irin wannan da gaskiya, ka kuma ci gaba da auna sauran aikin. Masu kallon finafinan Indiya za su so ka gaya musu cewa fim ɗin Gumnaam na 1965 daga wannan littafi ya ɗauko ƙashin bayan labarinsa.

Finafinan manyan dodanni kuwa mutane da yawa suna ɗaukarsu wasan yara, ni kuma ina ganin wannan kuskure ne da Bahaushe bai kamata ya yi ba. Dodo ba baƙo ba ne a tatsuniyoyinmu, kuma macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, kowa ya san labarinsa ya wuce maganar maciji kawai. Tambayar farko da za ka yi ita ce: wane tsoro ne na jama'a wannan dodo ya ɗauko? Gojira na Japan, wanda duniya ta sani da Godzilla, ya fito a watan Nuwamba na 1954 a ƙarƙashin umarnin Ishiro Honda, shekara tara bayan an jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. A ranar 1 ga Maris na wannan shekarar Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibirin Bikini, toka mai guba ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan mai ɗauke da mutum 23, mai kula da rediyon jirgin kuma ya rasu a watan Satumba. Da halakar jirgin ruwa fim ɗin ya buɗe. Bayan dodon ya ratsa Tokiyo, an nuna asibiti cike da majinyata a kwance a ƙasa, likita yana kara na'urar auna gubar nukiliya a jikin ƙaramin yaro. Akwai kuma masanin kimiyyar da ya ƙirƙiro makamin da zai iya kashe dodon, amma yake tsoron fito da shi kada ya zama sabon bala'i a hannun masu mulki. Wanda ya yi sharhin wannan fim bai ambaci waɗannan ba, ya yi sharhin rigar robar da ɗan wasa ya sa ya fito a dodon ne kawai.

A nan ne ya zama wajibi ka bayyana wane kwafi ka kalla. A 1956 an fitar da wannan fim a Amurka bayan an yanke wasu sassa, aka cusa ɗan wasa Raymond Burr a matsayin ɗan jarida, aka kuma rage nauyin maganar nukiliya, har ya zama kusan wani fim dabam. Haka abin yake ga finafinan da ake fassara wa zuwa Hausa a nan Kano. Masu fassara sukan ƙara barkwanci da karin magana domin jan masu kallo, wani lokaci abin ya dace ya ƙara armashi, wani lokaci kuma ya kashe fitowar da aka gina domin ta sa jiki ya yi sanyi. Ka raba hukuncinka gida biyu, na fim dabam, na fassara dabam, kowa ya karɓi yabonsa ko gyaransa.

Sai batun fasaha, inda ma'aunin shi ne nauyi. A King Kong na 1933, Willis O'Brien ya yi amfani da 'yar tsana mai gaɓoɓin ƙarfe, yana motsa ta kaɗan a ɗauki hoto, ya sake motsa ta a sake ɗauka, har hotunan su haɗu su zama motsi. A Gojira kuwa Haruo Nakajima ne ya shiga cikin riga mai nauyin kusan kilo 100 yana tattaka ƙananan gine-ginen da Eiji Tsuburaya da mutanensa suka ƙera, kukan dodon kuma an samo shi ne ta hanyar goga safar hannu ta fata da aka shafa wa ƙaro a kan tsirkiyar wani ƙaton kayan kiɗa dangin goge. Kada ka ce fim ya gaza don dai ba da kwamfuta aka yi shi ba, kada kuma ka ce ya yi don da ita aka yi shi. Ka duba ko ƙasa tana amsawa idan ƙafar dodon ta sauka, ko kyamara tana kallonsa daga ƙasa inda idon mutum yake, ko an sa wani abu da ka san girmansa, kamar jirgin ƙasa ko bene, kusa da shi. Finafinai da yawa na zamani suna da dodon da ya kai tsawon bene mai hawa talatin amma yana tsalle babu nauyi, shi ya sa ba ya tsorata kowa. Godzilla Minus One na 2023, wanda ya samu kyautar Oscar ta fasahar hoto a 2024, ya nuna cewa kwamfuta ma tana iya ba da wannan nauyi idan an kula. Daga nan ka cire dodon a ranka ka dubi mutanen da suka rage, ko akwai wanda za ka ji zafin mutuwarsa. A King Kong kuma kada ka manta da yadda aka nuna baƙaƙen mutanen tsibirin a matsayin marasa wayewa, domin mai karatunka ɗan Afirka ne kuma zai lura.

Fim ɗin fargaba alkawarinsa jan rai ne, kuma babu wanda ya fayyace wannan kamar darakta Alfred Hitchcock a hirarsa da daraktan Faransa François Truffaut. Ya ce a ɗauka mutum biyu suna hira a gaban tebur, sai bam ya tashi ba zato, mai kallo zai razana na daƙiƙa goma sha biyar. Amma idan an nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin tebur, aka nuna masa agogo, to hirar nan da ba ta da wani muhimmanci za ta riƙe shi minti goma sha biyar yana ji kamar ya yi musu tsawa su tashi. Ma'ana, a littafin binciken kisa an ɓoye maka ne domin ka nema, a fim ɗin fargaba kuwa sau da yawa an sanar da kai abin da jarumin bai sani ba. Shi ya sa fim ɗin Indiya Drishyam, wanda ya fito da harshen Malayalam na kudancin ƙasar a 2013 aka sake yin sa da Hindi a 2015, yake riƙe mutane duk da cewa mai kallo ya ga abin da ya faru tun kafin 'yan sanda su shigo. Tambayar da ke cin rai ita ce ko magidancin nan da bai yi nisa a makaranta ba zai iya tserar da iyalinsa. Don haka a kallo na biyu, duk bayan minti goma ka tsaya ka rubuta abin da jarumi ya sani, da abin da mugu ya sani, da abin da kai ka sani. Wurin da duk ukun suka zama ɗaya na tsawon lokaci, galibi nan ne fim ɗin ya yi sanyi.

Akwai gwaje-gwaje biyu masu sauri. Na farko, ka kashe sauti ka sake kallon fitowar da ta fi tayar maka da hankali, in ta zama ba komai to kiɗa ne ya yi aikin da labari ya kasa, wannan kuma ciwo ne da ya yi yawa a finafinanmu masu dogon zango, inda ake rufe kowane kashi da ƙarar kiɗa da zaro ido. Ba laifi ba ne kiɗa ya taimaka, domin a Jaws na 1975, fim ɗin wani ƙaton kifi mai cin mutane, na'urar da aka ƙera a siffar kifin ta yi ta lalacewa har darakta Steven Spielberg ya koma ɓoye shi, kiɗan John Williams ya riƙa sanar da zuwansa, amma a can an riga an nuna wa mai kallo abin da kifin yake iya yi. Na biyu, ka ƙirga sau nawa labarin ya dogara da wautar jarumi ko ɗaukewar sabis na waya a daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Idan ka zo rubutawa, ka fara da sunan aikin da mai shi da shekararsa da kwafin da ka yi amfani da shi. Taƙaita labari kada ya wuce sakin layi ɗaya, ka tsaya daidai inda matsala ta kunno kai. Yawancin abin da ake kira sharhi a wurinmu maimaita labari ne daga farko har ƙarshe, wanda a waɗannan nau'o'i ɓarna ce babba. Hitchcock ya hana a shigar da wanda ya makara silima lokacin da ake nuna fim ɗinsa Psycho a 1960, wasan kwaikwayon Christie mai suna The Mousetrap kuma, wanda aka fara a Landan a 1952, har yau ana roƙon 'yan kallonsa su riƙe sirrin ƙarshensa. In dole sai ka tattauna ƙarshen, ka yi gargaɗi a sarari kafin ka shiga. Maimakon ka ce littafin ya ƙayatar, ka ce alamar da ta tona mai laifi tana shafi kaza, kuma an ɓoye ta a tsakiyar gardamar da ta ɗauke hankalin mai karatu. Iyaye a Kano suna son sanin ko fim yana da zubar da jini ko tsiraici kafin su bar yara su kalla, kuma haƙƙinsu ne, don haka ka ware jimla ɗaya ko biyu ka faɗa musu, amma kada ka cakuɗa wannan da hukuncin fasaha. In aikin na marubucin gida ne ko daraktan Kannywood, ka tsaya a kan aikin, ka bar mutuncinsa da iyalinsa da garinsu, ka kuma faɗi abin da ya yi daidai da irin ƙarfin da ka faɗi abin da ya gaza.

Mai farawa zai fi samun sauƙi idan ya ɗauki gajeren labari ɗaya na Holmes, wanda za a iya karantawa sau biyu a yini guda, ya rubuta shafi ɗaya a kansa. In ka gama, ka ba wani wanda bai karanta labarin ba ya duba, sannan ka yi masa tambaya biyu: mene ne hukuncinka da dalilinsa, kuma wane ne mai laifin. Ya kamata ya amsa ta farko ba tare da jinkiri ba, ya kuma kasa amsa ta biyu. In ya iya faɗin mai laifin, ka koma ka nemo jimlar da ta tona asirin ka goge ta kafin ka wallafa.